Daga Zariya Zuwa Dingaya: Rawar Jami'o'i Wajen Horar da Ma'aikatan Lafiya Kan Hatsarin Tiririn Nukiliya

Maƙalar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani kan shirin ko-ta-kwana a fannin lafiya

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ilimin kula da waɗanda tiririn nukiliya ya illata yake a Najeriya, da inda ya kamata a kai shi. Ta yi nazarin hatsarin da aka yi a Barazil da Tailan da Masar da Maroko, inda ta gano cewa a ƙasashe masu tasowa hatsarin yakan fara ne daga wurin 'yan gwangwan ko daga aljihun manomi, kuma abin da ya fi kisa shi ne jinkirin gane cutar. Daga nan ta auna wannan darasi da yanayin kudancin Jigawa, ta ɗauki Dingaya da ke ƙaramar hukumar Gwaram a matsayin misali. Matsayar maƙalar ita ce masaniyar da aka tara a Zariya da Ibadan ba za ta ceci rai ba sai ta isa ga malamin asibiti na karkara. A ƙarshe ta kawo shawarwari ga jami'o'i da makarantun kiwon lafiya na jihar.

1.0 Gabatarwa



Da an ce nukiliya, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne Hiroshima ta 1945, ko Carnobil ta 1986, ko Fukushima ta 2011. Saboda haka mai sauraro zai iya tambaya: me ya haɗa Dingaya da wannan zance, alhali ba tashar nukiliya a Jigawa? Amsar ita ce sinadarai masu tiriri ba a tashar lantarki kaɗai suke ba. Suna cikin injin gashin ciwon daji, da na'urar duba waldar bututu, da ma'aunin ƙarfin daɓen hanya, da kayan auna rijiyar mai. Muddin suna rufe a mazubinsu, a hannun masu lasisi, amfaninsu ake ci. Ranar da ɗaya ya ɓace ko aka sace shi, ya koma ƙarfen da ake sayarwa a kan sikeli.

Maƙalar ba rahoton wani hatsari da ya auku a yankinmu ba ce, Allah Ya kiyaye. Kira ne da a shirya tun lafiya lau, domin ba a fafe gora ranar tafiya. An dogara ne da rahotannin da Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, wato IAEA, ta wallafa kan haɗurran da suka gabata, da ƙa'idojin jinya da ita da Hukumar Lafiya ta Duniya suka fitar.

2.0 Tarihin Lamarin a Ƙasarmu

Najeriya ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Ranar 13 ga Fabrairun 1960 Faransa ta gwada bam ɗinta na farko a Raggan, cikin Saharar Aljeriya, a daidai lokacin da iskar hunturu ke kwaso ƙura zuwa ƙasar Hausa. Da ta sake gwaji na uku a Disambar wannan shekara, gwamnatin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ta yanke hulɗar jakadanci da ita a Janairun 1961. Fargabar wannan ƙura ce ta sa aka fara aikin auna tiriri a sashen kimiyyar fiziks na Jami'ar Ibadan. Ke nan tun farko a jami'a wannan ilimi ya yi saiwa.

A 1976 aka kafa dokar Hukumar Makamashin Nukiliya ta Najeriya. A 1995 aka yi dokar kariya daga tiriri, wadda a ƙarƙashinta hukumar sa ido ta NNRA ta fara aiki a 2001. A Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Cibiyar Bincike da Horarwa Kan Makamashi, wato CERT, ta kunna ƙaramin injin nukiliyarta na bincike a 2004, wanda ƙasar Sin ta ƙera. A 2018 aka sauya masa makamashi zuwa yuraniyom maras ƙarfi, aka mayar da tsohon zuwa Sin lami lafiya. Akwai cibiya irinta a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, akwai kuma cibiyar NNRA ta binciken kariya daga tiriri a Jami'ar Ibadan. Asibitocin koyarwa na Zariya da Sakkwato sun daɗe da sashen gashin ciwon daji.

Wannan jari ne babba, kuma abin alfahari. Sai dai idan aka lura, nauyinsa ya karkata ga masana fiziks da injiniyoyi da likitocin gashi, waɗanda ke aiki da sinadarin da aka san inda yake. Wanda ya tsinci sinadari a juji ba wurinsu zai fara zuwa ba.

3.0 Abin da Haɗurran Baya Suka Koyar

3.1 Goyaniya, Barazil, 1987

Ranar 13 ga Satumba wasu mutum biyu suka shiga wani asibitin gashi da aka yi watsi da shi, suka ɗauke kan injin don su sayar da ƙarfensa. A cikinsa akwai garin siziyom-137 da bai kai giram 100 ba. A ranar suka fara amai. Da ɗayansu ya je asibiti da gudawa da jiri da kumburin hannu, aka ce masa wani abu ya ci da bai karɓe shi ba. Suka sayar wa wani mai gidan gwangwan, shi kuma da dare ya ga abin yana walƙiya shuɗiya. Ya shigar da shi cikin gida, ya kira 'yan'uwa da abokai kallo, ya gutsura musu. Wasu suka shafa a jiki kamar hoda. Wata yarinya 'yar shekara 6 ta ci abinci da garin a hannunta.

Matar mai gidan ce ta lura cewa tun da abin ya shigo kowa ke ciwo. Ranar 28 ga Satumba ta sa shi a jaka, ta hau motar haya ta kai ofishin lafiya. Washegari wani masanin fiziks ya zo da na'ura ya tabbatar da abin da ake ciki. An yi kwana 16 ke nan garin yana yawo a cikin jama'a. Mutum 4 suka rasu, har da matar da yarinyar. An auna mutum kusan 112,000, aka samu 249 da garin ya taɓa, aka rushe gidaje.

3.2 Tailan, Masar da Maroko

A farkon shekarar 2000, a Samut Parakan ta ƙasar Tailan, 'yan gwangwan suka yanka kan wani tsohon injin gashi mai kobal-60. Mutum 10 suka jikkata sosai, 3 suka rasu. Abin lura a nan shi ne likitoci ne suka farga, da suka ga marasa lafiya masu sana'a ɗaya sun zo da ƙuna da amai da ƙarancin fararen ƙwayoyin jini, suka sanar da hukuma.

A wannan shekarar dai, a ƙauyen Mit Halfa na ƙasar Masar, wani manomi ya tsinci ɗan ƙarfen iridiyom-192 da masu duba waldar bututu suka yar, ya kai gida yana zaton abu ne mai daraja. Wannan a watan Mayu ne. Ɗansa ya rasu, shi ma ya bi shi a watan Yuni, kafin a gane musabbabin. A Maroko kuwa, a 1984, irin wannan ƙarfe ya hallaka mutum 8 'yan gida ɗaya.

3.3 Kusa da gida

A Disambar 2002 sinadaran auna rijiyar mai guda biyu suka ɓace daga hannun wani kamfani a yankin Neja Dalta, daga baya aka gano su a Jamus cikin lodin tsofaffin ƙarafa. A Arlit ta Jamhuriyar Nijar, inda ake haƙar yuraniyom tun 1971, masu bincike daga Faransa da ƙungiyar Greenpeace sun auna ƙarafan da suka fito daga ma'adinai ana sayar da su a kasuwa, suka same su da tiriri. Kowa ya san irin zirga-zirgar kaya da ke tsakanin Nijar da kasuwannin Kano da Jigawa.

Gubar dalma ta Zamfara a 2010 ba ta tiriri ba ce, amma darasinta ɗaya ne. Yara suna ta suma da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ana ba su maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau, har sai da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi zargin guba. Yara aƙalla 400 suka rasu. Cutar da ma'aikaci bai taɓa jin labarinta a aji ba, da wuya ya gane ta a gaban gado.

Idan aka tattara waɗannan misalai, abubuwa uku ne ke maimaituwa. Talaka mai neman abinci ne ke fara taɓa sinadarin. Ƙaramin asibiti yake fara zuwa. Kuma makonni ke shuɗewa kafin wani ya ambaci tiriri, a cikin makonnin nan ne iyali ke ci gaba da kwana da abin a ɗaka.

4.0 Dingaya a Matsayin Ma'auni

Dingaya mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Gwaram, wadda ta yi iyaka da jihar Bauci. Jama'ar yankin manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa, kasuwar Sara kuma tana tara mutane da kaya daga nesa. Matasanmu da dama suna tafiya cirani birane, cikinsu har da masu sana'ar jari-bola, kuma al'adarmu ce idan ciwo ya yi tsanani a dawo da mutum gida. Ke nan ko da hatsarin a Kano ko Abuja ko Fatakwal ya faru, mai ciwon yana iya bayyana a Gwaram.

Ga kuma manyan ayyuka da ke kewaye da mu: bututun gas na Ajakuta zuwa Kaduna da Kano da aka ƙaddamar a 2020, haƙar mai ta Kolmani a iyakar Bauci da Gwambe da aka ƙaddamar a 2022, da ayyukan hanyoyi da layin dogo. A ko'ina a duniya irin waɗannan ayyuka suna tafiya ne da na'urori masu sinadarin tiriri, ana ɗaukar su a bayan mota daga wannan sansani zuwa wancan.

Mu ƙaddara wani saurayi ya zo wurin malamin asibiti a Dingaya. Kwana 10 da suka wuce ya yi amai da gudawa, ya sayi magani a kemis, ya ji sauƙi. Yanzu ga ja da bororo a tafin hannunsa da kan cinyarsa ta dama, daidai inda aljihun wando yake kwanciya. Ya rantse wuta ba ta taɓa shi ba, bai kuma zuba wa kansa ruwan batir ba. Ƙaninsa da suke ɗaki ɗaya yana zazzaɓi, dasashinsa na jini. Me malamin zai rubuta? Taifot, ko maleriya, ko ya ji tsoron zazzaɓin Lasa. A gida kuwa za a ce sammu ne ko jifa, a nufi wurin mai magani. Duk wannan ba laifin kowa ba ne, domin kowa da abin da ya sani yake aiki. Tambaya ɗaya ce za ta sauya labarin: "Ka tsinci wani ƙarfe kwanan nan? Yana ina yanzu?"

5.0 Abin da Ya Wajaba Ma'aikaci Ya Sani

Ba a bukatar mayar da nas ko malamin asibiti masanin fiziks. Abubuwa biyar sun wadatar a matakin farko.

Na ɗaya, bambanci tsakanin wanda tiriri ya ratsa da wanda garin sinadari ya zuba a jikinsa. Na farkon ba ya ɗauke da komai, kamar dai wanda aka ɗauka hoton ƙirji, ba zai cutar da mai jinyarsa ba. Na biyun yana ɗauke da ƙura a tufa ko fata ko ciki. Tuɓe masa tufafi kaɗai yana raba shi da kusan kashi 90 cikin 100 na ƙurar da ke waje, sai a ƙulle kayan a leda, a wanke shi da ruwa mai ɗumi da sabulu ba tare da dirza ba. Safar hannu da takunkumi da rigar da muka saba sawa a lokacin Lasa da korona sun isa kariya. Ceton rai shi ne gaba: ba a barin mai zubar jini don tsoron ƙura.

Na biyu, alamomi da lokacinsu. Ciwon yakan bayyana idan jiki duka ya sha tiriri daga gire 1 zuwa sama (gire shi ne ma'aunin yawan tiririn da jiki ya sha). Wanda ya fara amai bayan awa 2 yana da sauƙi a kan wanda ya fara cikin awa guda, wanda alama ce ta gire 4 ko fiye, adadin da ke kashe kusan rabin mutane idan ba a yi jinya ba. Bayan aman farko akwai kwanakin da mutum zai ji garau, alhali ɓargonsa ya daina ƙera jini. Daga baya sai zazzaɓi da zubar jini, gashi kuma ya zube bayan mako 2 zuwa 3. Wannan lafawar ta tsakiya ita ce ke yaudarar ma'aikaci ya sallami maras lafiya.

Na uku, gwajin jini. Ƙirgen fararen ƙwayoyin jini nau'in limfosayit, idan aka maimaita shi duk bayan 'yan awoyi a kwana biyun farko, yana nuna girman illar. Idan ya faɗi ƙasa da 1,000 a mikirolita lamarin ya yi tsanani, ƙasa da 500 kuwa rai na cikin haɗari. Duk ɗakin gwaji da ke ƙirgen jini zai iya wannan.

Na huɗu, kariya daga sinadarin kansa: rage lokaci, ƙara nisa, sa shamaki. Wanda ya ninka nisansa sau biyu ya rage abin da ke isa gare shi zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Ba a ɗaukar abin da hannu, ba a kawo shi asibiti. A fitar da mutane, a killace wurin, a sanar da hukuma.

Na biyar, magani na nan, amma kowanne da gurbinsa. Prussian blue yana fitar da siziyom, da shi aka yi aiki a Goyaniya. DTPA na amerisiyom da fulutoniyom ne. Ƙwayar aidin tana kare maƙoshi ne daga aidin mai tiriri kawai, ba rigakafin kowane tiriri ba ce. Filgrastim yana taimaka wa ɓargo ya farfaɗo, tare da ƙarin jini da maganin ƙwayoyin cuta. A Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta jerin magungunan da ta shawarci ƙasashe su tanada.

6.0 Yadda Wasu Jami'o'i Suka Yi

Japan ta koyi darasi mai ɗaci a 2011. Gaggawar kwashe marasa lafiya da tsofaffi daga kewayen Fukushima ta yi sanadin mutuwar gommai daga cikinsu a hanya da wuraren da aka sauke su, ba don tiriri ba, sai don rashin tsari da tsoro. Bayan haka, a 2015, gwamnati ta ɗora nauyin horarwa da jinyar masu tsananin ciwo a kan cibiyoyi biyar, huɗu daga ciki jami'o'i ne: Hirosaki, Hiroshima, Nagasaki da jami'ar likitanci ta Fukushima. Kowace tana horar da likitoci da nas-nas da masu ɗaukar hoto na yankinta. A Amurka cibiyar REAC/TS da ke Ok Rij tana wannan aiki tun 1976. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tana da gamayyar cibiyoyi mai suna REMPAN tun 1987. Ba kuɗin Japan ne abin koyi a nan ba, tsarinta ne: kowane yanki ya san jami'ar da ke da alhakinsa.

7.0 Shawarwari

Jigawa tana da tubalin ginin. Akwai Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, da asibitin koyarwa na Rashid Shekoni, da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da makarantar koyon jinya a Birnin Kudu, da makarantar fasahar lafiya ta Jahun. Bisa haka ake ba da waɗannan shawarwari:

1. A sa darasin 'yan awoyi kan gane illar tiriri a manhajar ɗaliban likitanci da jinya da lafiyar al'umma, a koyar da shi da hotunan raunuka na gaskiya daga rahotannin IAEA.

2. A ƙara shafi guda a littafin ƙa'idojin aiki na malaman asibitin karkara: ƙuna ba wuta, amai ba dalili, 'yan gida ɗaya ko sana'a ɗaya, sai a yi tambayar ƙarfe.

3. A mayar da Cibiyar Lafiya ta Tarayya ta Birnin Kudu wurin karɓar irin waɗannan marasa lafiya a kudancin jihar, da na'urar auna tiriri mai aiki, da ma'aikatan da suka iya riƙe ta, da lambar wayar NNRA da ta CERT a bangon ɗakin taimakon gaggawa.

4. Jami'o'in jihar su ƙulla yarjejeniya da Zariya da Jami'ar Bayero don atisayen haɗin gwiwa duk shekara, tare da hukumar agajin gaggawa ta jiha da 'yan kwana-kwana da jami'an tsaro. Gobarar tankar mai ta Majiya a Oktoban 2024, wadda ta ci rayuka fiye da 150, ta nuna yadda masu ƙuna da yawa a dare ɗaya ke cika asibitoci. Atisaye guda zai yi wa haɗurran biyu amfani.

5. A fannin bincike, ɗaliban digiri na biyu da na uku su auna tiririn da ke cikin duwatsu da ruwan rijiyoyin Birnin Kudu da Gwaram don a san ma'aunin asali, su bibiyi hanyoyin da tsofaffin ƙarafa ke bi, su kuma auna sanin ma'aikata kafin horo da bayansa. A arewa ana bukatar ɗakin gwajin kuromozom da zai ƙiyasta yawan tiririn da mutum ya sha.

6. A yi wayar da kai da Hausa da Fulatanci ta rediyo da masallatai da fadar hakimai da dagatai. A zauna da shugabannin 'yan gwangwan a nuna musu alamar tiriri mai fuka-fuki uku, a gaya musu cewa ƙaramin ƙarfe mai nauyin da ya wuce girmansa, ko mai ɗumi ba rana, abin gudu ne. A kuma tabbatar musu wanda ya kawo rahoto ba za a kama shi ba, in ba haka ba zai jefa abin a rijiya ko kududdufi ya yi shiru.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa Najeriya ta fi shekara 60 tana tara ilimin tiriri a jami'o'inta, amma haɗurran da suka kashe talakawa a Barazil da Tailan da Masar da Maroko ba a gane su da wuri ba, kuma jinkirin ganewar ne ya ƙara yawan gawarwaki. Mafi yawan abin da aka ba da shawara a nan ba ya bukatar sabon gini ko injin biliyoyi. Darasi ne, da shafi guda, da na'urar hannu, da lambar waya.

Ina kira ga shugabannin jami'o'inmu da ma'aikatar lafiya ta jiha da hukumar NNRA da su zauna a teburi ɗaya kafin zangon karatu mai zuwa, su fitar da wannan darasi, su fara da ma'aikatan Gwaram da Birnin Kudu. Ku kuma malamai da ke cikin wannan zaure, kada ɗalibi ya sake fita daga hannunku bai san cewa ƙunar da ba wuta tana da tambayar da ake yi mata ba. Allah Ya kare mu, Ya sa mu amfana da abin da muka sani.